Wai "dubawa kawai ya yi"

Har yanzu abin da ya fito daga zaman ladabtarwar 'yan sandan Landan a watan Nuwamban 2024 yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk mai bin labarai ya san Sarah Everard, matar da ɗan sanda Wayne Couzens ya tare ta a hanya a watan Maris na 2021, ya nuna mata katin aikinsa kamar kamu ne na doka, ya tafi da ita ya kashe ta. To ana cikin wannan makoki wasu abokan aikinsa da ba su da ko sisi a binciken suka shiga kwamfutar ofis suna buɗe fayil ɗinta. Sai bayan shekara uku da wani abu aka yanke hukunci, mutum uku aka samu da babban laifi, an kori ɗaya, ɗaya dama ta riga ta ajiye aiki, na ukun kuma aka ba shi takardar gargaɗi ta ƙarshe ya koma bakin aikinsa. Jan kunne kenan fa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne masu kare irin wannan da cewa ai mutumin bai sayar da komai ba, bai tura wa 'yan jarida ba, dubawa kawai ya yi, son gani ne irin na ɗan Adam. Haba jama'a. Ka ba maigadi makullin gidanka saboda tsaro, ka dawo ka tarar da shi a uwar ɗaka yana karanta takardun asibitin matarka, sai ya ce maka ai bai ɗauki komai ba, za ka ce masa sannu da aiki?

Mutane da yawa ba su san me ke cikin waɗannan rumbunan bayanai na 'yan sanda ba shi ya sa suke ɗaukar abin da wasa. A Amurka akwai rumbun NCIC da hukumar FBI ta buɗe tun 1967, a Birtaniya an buɗe irinsa mai suna PNC tun 1974, kuma tuni abin ya wuce jerin waɗanda kotu ta ɗaure. Idan aka haɗa da rumbunan lasin da na rajistar motoci da na rahoton ofis-ofis, za ka ga adireshin mutum, hotonsa, lambar motarsa, kamun da aka taɓa yi masa aka sake shi ba laifi, har da matar da ta kai ƙarar mijinta saboda duka ta gudu ta canza gida. Ita wannan matar ba ta yi laifin komai ba, ta shiga kwamfutar ne saboda ta nemi taimako. Ɗan sanda yana zaune a mota yana shan iska, ya danna suna, kafin ya gama hamma duk wannan ya fito masa.

A jihar Queensland ta Ostareliya an ga ƙarshen wannan "dubawa". Wani ɗan sanda ya shiga rumbunsu ya zaƙulo adireshin wata mata da ta tsere wa tsohon mijinta, ya tura wa mijin saboda abokinsa ne. Matar ce ta yi ta fama shekara da shekaru kafin a gurfanar da shi, a 2019 ya amsa laifi, aka yanke masa wata biyu a gidan yari amma na jeka-ka-gyara-halinka, ko kwana ɗaya bai yi a ciki ba. Ita kuwa da 'ya'yanta sai sake neman wurin ɓuya.

Kuma kada wani ya ce mini wake ɗaya ne ya ɓata gari. A 2016 kamfanin dillancin labarai na AP ya tattara bayanai daga hukumomin 'yan sanda a faɗin Amurka, ya gano tsakanin 2013 da 2015 fiye da sau 325 aka kori ma'aikata ko aka dakatar da su ko suka ajiye aiki kan wannan leƙe-leƙe, kuma waɗanda aka kama kenan a wuraren da suka yarda suka ba da alƙaluma. Su wa ake leƙawa? Tsohuwar budurwa, sabon saurayinta, maƙwabcin da ake rigima da shi, 'yar jarida, macen da aka gani a hanya aka kwafi lambar motarta. Akwai wata 'yar sandan babbar hanya a Florida da a 2011 ta tsayar da wani ɗan sandan Miami yana sharara gudun mil 120 a awa, ta saka masa ankwa. Da ta nemi a ba ta lissafin waɗanda suka buɗe bayanan lasinta bayan nan, sai ga jami'ai 88 daga hukumomi 25, sama da sau 200. Duk son gani ne wai? Wannan ai ramuwar gayya ce, kuma 'yar uwarsu ce mai kaki, ina ga ni da kai.

Wannan labarin nata shi ne ya nuna inda gizo ke saƙar. Kwamfutar tana rubuta komai, wane ya shiga, da ƙarfe nawa, sunan wa ya nema. Shaidar tana nan a ajiye, mai karantawa ne babu, sai wanda aka cuta ya ji a jikinsa ya ɗauki lauya ya matsa sannan a buɗe rekod ɗin, ihu bayan hari. Wanda bai san an leƙa shi ba fa? Shi kenan ya tafi a banza.

Kotun Ƙolin Amurka ma ba ta taimaka ba. Shari'ar Van Buren ta 2021, wani sajan ne a jihar Jojiya ya karɓi kusan dala 5,000 don ya duba wa wani mutum lambar motar wata mata, ko 'yar sandan ciki ce. Tarkon FBI ne, aka kama shi, aka yanke masa wata 18. Alƙalai shida cikin tara suka ce bai karya dokar kutsen kwamfuta ta 1986 ba, tunda dama yana da izinin shiga wurin. Na fahimci tsoronsu kar dokar ta zama ta kama duk ma'aikacin da ya buɗe Facebook a kwamfutar ofis, amma saƙon da ya isa bariki shi ne in dai da makullinka ka shiga, ba ka yi fashi ba.

Masu cewa in aka takura wa 'yan sanda masu laifi za su sulale, su kawo misalin garin Soham na Ingila inda Ian Huntley, wanda ya kashe yara mata biyu a 2002, ya samu aikin kula da makaranta saboda wata rundunar ba ta adana zarge-zargen da ke kansa ba balle ta sanar da wata, to babu wanda ya ce a rufe rumbun, kuma ban ga yadda leƙen fayil ɗin tsohuwar budurwa zai kama mai kisa ba.

Ni abin da nake ta nanatawa, a bar mutum ya ga wa ya duba shi. Estoniya tana yi a wasu rumbunan gwamnatinta, ɗan ƙasa ya shiga intanet ya ga hukumar da ta taɓa bayanansa da ranar da ta taɓa. Idan bincike ne na gaske a jinkirta sanarwar har a gama, ba matsala. Duk bincike ya kasance da lambar shari'a a jikinsa, wasu daga wajen rundunar su riƙa ɗebo rekod ba zato suna tambaya, don ba a ba kura ajiyar nama. Wanda aka kama kuma a karɓe kakin, a hana shi komawa wata rundunar, in ya tura wa wani a kai shi kotu kamar kowa. Takardar gargaɗin nan da aka ba ɗan sandan Landan dai, shekara uku ne wa'adinta, daga nan ta daina aiki.