Akwatin kayan DJ: a kai wa kafintocinmu aikin

Abin da ya daɗe yana damuna game da matasanmu masu sana'ar DJ a nan Yamai shi ne yadda mutum zai yi shekara yana tara kuɗi har ya sayi na'urar haɗa kiɗa, sannan ya naɗe ta cikin tsohon bargo, ya ɗora a bayan kabu-kabu ya nufi gidan biki. Ra'ayina shi ne akwatin kariya wani ɓangare ne na kayan aikin, kuma wanda aka ƙera a gida bisa awon na'urar ya fi dacewa da mu a kan wanda ake jiran a yi odarsa daga waje.

Dalili na farko shi ne yanayinmu. Takardar bayanin da ke zuwa tare da na'urorin Pioneer DJ tana nuna cewa an yi su ne domin aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40. Idan hunturu ya shigo kuma, ƙura mai laushi ce ke shiga cikin ramukan maɓallan da ake turawa sama da ƙasa, sai ka fara jin ƙarar ƙas-ƙas a lasifika, daga baya layin sauti ɗaya ya mutu. Ga hanya: wanda aka kira biki a Tawa zai yi tafiyar kusan kilomita 550, ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni, kayansa na can ƙasan bas tare da buhunan mutane. Akwatin waje an yi shi ne da tunanin filin jirgi, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, dakon abu mai girma irin wannan ya ƙara nauyi a aljihu.

Duk abin da ake bukata ana samunsa a kasuwar Katako ta nan Yamai. Jikin akwatin ana yin sa da katakon nan mai falle-falle da aka manne, mai kaurin milimita 9, domin wanda bai kai haka ba yana lanƙwashewa, wanda ya wuce kuma nauyinsa zai sa mai shi ya daina ɗauka. Hanyar da ta fi tabbas ita ce kafinta ya haɗa akwatin a rufe ruf da gam da ƙusa, sannan ya yanke shi gida biyu da zarto, ta yadda murfi da gindi za su hau juna daidai. A bi gefuna da sandar alminiyam, a sa ƙarfe a kusurwowi takwas ɗin, saboda a kusurwa akwati yake fara fashewa idan ya faɗi. Na fi son murfin da ake cirewa gaba ɗaya, domin DJ ya yi aiki na'urar tana zaune a gindin akwatin, iska na ratsa ta, ba tare da an ciro ta ba.

Inda mutane da yawa suke ɓata aikin shi ne wajen soso. Sukan yanko soson katifa su cusa, alhali shi yana shan ƙura da laima, kuma da zafi ya gasa shi sai ya fara marmashewa, garinsa ya bi cikin na'urar da aka ce ana karewa. Abin da ya dace shi ne roba mai tauri irin wadda masu takalma ke yanka su yi gindin silifa, mai kaurin santimita ɗaya zuwa biyu. Ita ba ta tsotsar ruwa, kuma tana riƙe siffarta. A auna na'urar da kyau, tsawo da faɗi da tsayi har da kan maɓallai, a ƙara kaurin robar ta kowane gefe kafin a ba kafinta awo. Na'urar ta zauna daram ba ta motsi, amma kada murfin ya danne faifan nan biyu da ake juyawa da hannu, ko maɓallan; robar murfin ta sauka ne a gefuna inda babu abin da zai karye. A bar sarari kamar faɗin tafin hannu a baya domin wayoyi, a kuma raba shi da ɗan katako, kada kan filogi ya riƙa gogar jikin na'urar a hanya. Tsakanin murfi da gindi a manna siririyar roba da aka yanka daga tsohon tib na taya, ita ce za ta tare ƙura. Da damina a jefa ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Na san wasu za su ce akwatin gida ba shi da kwarjini a gaban masu biki. Ban yarda da wannan ba, domin dukawan Wadata a nan Yamai da na Tawa suna iya yin mariƙin fata mai ƙarfi, a lulluɓe jikin da baƙar leda mai kauri, a rubuta sunan mai kayan, kuma babu wanda zai raina shi. Iyakar abin da zan ja kunne a kai shi ne mariƙi: a ɗaure shi da noti da ya huda katakon, da ƙarfe ta ciki, kada a dogara da ƙananan ƙusoshi. Haka kuma akwati ba ya maganin rana. Idan aka bar shi a rufe cikin mota da tsakar rana, zafin da ke ciki zai fi na waje, don haka a nema masa inuwa, a buɗe shi ya sha iska kafin a jona wuta.

Ga ƙannenmu da suke shirin sayen na'urarsu ta farko, ina ganin ya kamata kuɗin katako da roba da ladan kafinta su shiga lissafi tun kafin a biya kuɗin na'urar, kuma ranar da ta iso a kai ta wurin kafinta ya auna da hannunsa.