Nasiha ga matasanmu masu ciniki a Haraj

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina na Makka, Jidda, Madina da Riyad. A yau da wuya ka sami saurayi a cikinmu wanda bai taɓa sayen waya, firji, na'urar sanyaya ɗaki ko mota ta shafin Haraj ba, ko ta zaurukan gwanjo na WhatsApp da Telegram. Wasunmu da abin suke rufa wa kansu asiri. Ba zan ce wa kowa ya daina ba, ciniki halal ne. Abin da ke damuna shi ne yawan rigingimun da ke biyo baya, da yadda muke tafiyar da su, har ka ga gida biyu da suka yi shekaru suna zumunci sun daina gaisawa a kan tsohuwar waya.

Iyayenmu sun yi cinikin gwanjo kafin mu, a Sawarik ta Jidda da kasuwar Ibn Ƙasim ta Riyad da makamantansu. Amma a can kaya na gabanka, ka ɗaga, ka jujjuya, ka taya, a ce maka albarka, ka ƙara, a sallama, duk a kan idon jama'a. Ko ba ka nemi shaidu ba, kasuwa ta ba ka su. Cinikin waya ya kwashe waɗannan shaidun gaba ɗaya, mu kuma ba mu sa komai a gurbinsu ba. Abin da ya hana mu kuwa kunya ce. Mutum ya ji mai kaya ya yi masa Hausa, ko ya ce shi ɗan unguwar su wane ne, sai ya ji nauyin cewa "rubuto mini". Ya ji nauyin cewa "zan kai wa mai gyara ya duba". Gani yake kamar ya zargi ɗan uwansa. Bayan kwana uku, wannan mai kunyar shi ne za ka ji muryarsa a zaure yana ambaton iyayen mutane. Allah da ya fi mu sanin halinmu, a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ya ce a rubuta bashi, kuma a kafa shaida idan an yi ciniki. Da sahabbai aka fara yin wannan magana, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. To wane ne ni, wane ne kai, da za mu ce neman rubutu raini ne?

Rubutun kuma ba wani dogon abu ba ne. Kafin kuɗi su fita daga hannunka, ka ɗauki hoton tallar yadda take, da farashi da bayanin da lambar mai ita, domin da zarar an sayar ana goge ta. Duk abin da aka faɗa maka ta kira, ka maimaita shi a saƙo: waya iri kaza, ba a taɓa buɗe ta ba, batirinta kaza, riyal kaza, idan na sami saɓanin haka zuwa gobe da la'asar zan dawo da ita. Ka jira ya amsa da "na'am". Dokar kafa hujja ta wannan ƙasa, wadda ta fara aiki a 2022, ta karɓi hujjar da ke cikin na'ura, saƙonnin waya na cikinta. Abin da kake ɗauka hira ce, gobe shi ne takardarka a gaban alƙali. Saboda haka kada ka goge hira don haushi, kada kuma ka yarda a mayar da ita mai ɓacewa da kanta.

Sai batun kafin alƙalami, wanda nan ake kira arbun. Rigima da yawa a nan take tsirowa, domin kowa da fahimtarsa. Mai saye yana ganin ajiya ya bayar, idan ya fasa a mayar masa. Mai kaya yana ganin ya kori masu tayi saboda kai, kuɗin sun zama nasa. Dokar mu'amalolin jama'a da aka fitar a 2023 ta yanke magana: wanda ya ba da arbun yana da damar fasawa, amma idan ya fasa ba ya karɓar kuɗinsa, sai dai in sun yi sharaɗin akasin haka tun farko. Ka ga ke nan jimla ɗaya tak, "idan gwajin mota ya nuna matsala a inji ko giya za ka mayar mini da arbun", ta isa ta raba ku da zaman sulhu na mako guda. Kuma ni a ganina, bai kamata ka tura wa wanda ba ka taɓa gani ba ko riyal hamsin da sunan ya ajiye maka kaya. Wanda ke cewa "ga wani nan zai biya yanzu, yi sauri" ya san abin da yake yi. Bar shi ya sayar wa wancan ɗin.

Akwai wata damfara da nake so ku fahimci yadda take tafiya, domin tana haɗa mutanen kirki biyu faɗa alhali ɓarawon yana can gefe. Wani ya saka tallar motarsa a kan riyal dubu talatin. Ɗan damfara ya kwashi hotunan, ya sake tallata ta a dubu ashirin da biyu. Kai ka gani, ka kira shi. Sai ya ce maka motar tana hannun ƙaninsa, je ka duba, amma kada ka yi maganar farashi da shi, akwai 'yar matsala a tsakaninsu. Ya juya ya kira mai motar na gaskiya, ya ce shi mai saye ne, zai turo yaronsa ya duba, kada a yi maganar kuɗi da yaron. Ka je, ka ga mota lafiya lau, ka kunna, ka zaga da ita, zuciyarka ta kwanta. Ka tura kuɗi asusun da aka ba ka ta waya. Ka miƙa hannu a ba ka makulli, mai mota ya ce bai ga ko sisi ba. Nan take sai cacar baki, kowa yana rantsuwa, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Lambar da kake kira kuwa an riga an kashe ta. Tambaya ɗaya ce take rushe wannan shiri tun daga tushe: "Malam, kai ne mai motar? Nawa ka sallama?" Sannan ka duba sunan da ke kan istimara, wato takardar mallakar motar, ka duba sunan da ke kan asusun banki, in ba su zo ɗaya ba ka kama gabanka. A cinikin mota ma akwai hanyar sayarwa ta cikin manhajar gwamnati ta Absher, inda kuɗin ke zama a asusun tsakiya har a sauya mallaka, akwai kuma rahoton Mojaz da ke nuna tarihin motar. Ɗan kuɗin da za ka kashe a kansu bai kai ciwon kan kwana ɗaya ba.

Ku masu sayarwa, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka gani da idonka kafin kaya su bar hannunka. Lambar sirrin da banki ya turo maka, ko buƙatar Nafath (manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne) da ba kai ka nema ba, babu cinikin da ke bukatar ka ba wani ko ka amince da ita. Wani abin da ya fi ba ni tsoro shi ne aron asusu. Aboki ya ce za a turo masa kuɗin kaya, ba shi da asusu, a turo ta naka ya ba ka na shayi. Idan kuɗin na damfara ne, sunanka da lambar igamarka (takardar zamanka) ne a rubuce, kai za a fara nema, asusunka za a rufe, shi kuwa ba a ma san da shi ba.

To idan abin ya riga ya faru fa? Abu na farko, ka rarrabe tsakanin wanda ya cuce ka ya gudu da wanda kuka sami saɓani yana nan yana ɗaga waya. Matasanmu suna haɗa su a kwando ɗaya, kowa "ɓarawo". Wanda ya karɓi kuɗi ya toshe ka, wannan ba a jira da shi: a wannan sa'ar ka kira bankinka ka sanar, ka shigar da ƙorafi ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, da hotunan hira da rasit da lambar asusun. Ka sanar da shafin ma, domin Haraj na da jerin lambobi da asusun da aka yi kuka da su. Dokar yaƙi da damfarar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗauri har shekara 7 da tara har riyal miliyan 5, hukuma ba ta ɗauki abin wasa ba. Kowace sa'a da ka ɓata kana rarrashinsa ta sabuwar lamba, kuɗin suna ƙara nisa daga asusu zuwa asusu.

Amma yawancin rigingimunmu ba irin wannan ba ne. Firji ne da ya yi kwana biyu ya daina sanyi. Waya ce da aka ce ba a taɓa canja fuskarta ba, mai gyara ya buɗe ya ce an canja. Mai kayan yana iya zama ya sani, yana iya zama shi ma haka ya saya. Ka fara da shi kai tsaye, cikin ladabi, a rubuce. Ka nuna masa aibin da bidiyo, ka faɗi abin da kake so a fili: ko ka mayar a ba ka kuɗinka, ko a rage maka abin gyara. Ka daina amfani da kayan daga lokacin da ka ga aibin, domin wanda ya ci gaba da mora yana raunana hujjarsa da kansa. Idan ya ƙi, ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, ko limamin unguwa. Muna da wannan arzikin har yanzu, kuma sau da yawa zaman minti ashirin bayan sallar isha yana kashe abin da saƙo ɗari bai kashe ba. Idan nan ma abin ya gagara, akwai dandalin sulhu na Taradi a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, wanda takardar sulhunsa ake iya zartar da ita kamar hukunci, sannan akwai shigar da ƙara kotu ta dandalin Najiz. Ka sani dai tun 2022 ƙara na da kuɗin shari'a da ke iya kai wa kashi 5 cikin 100 na abin da ake nema, kuma da'awar aibi ba a sauraronta bayan kwana 180 da karɓar kaya, in ba an tabbatar mai sayarwa ya ɓoye shi da ha'inci ba. Idan kuwa daga shagon intanet mai rajista ka saya, hanyarka Ma'aikatar Kasuwanci ce, lamba 1900 ko manhajar Balag Tijari. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba ka kwana 7 ka mayar da kayan da ba ka yi amfani da su ba, ban da wasu nau'o'i da aka keɓe, ta kuma ba ka damar fasa ciniki idan aka wuce kwana 15 ba a kawo ba.

Abin da nake roƙonku da girman Allah ku bari shi ne tonon silili. Mutum ya ji an cuce shi, sai ya ɗauki hoton abokin cinikinsa, da lambarsa, wani har da hoton igamarsa, ya watsa a zauruka da TikTok yana kiransa ɓarawo. Na san zafin, wanda aka ci wa guminsa ba a gaya masa haƙuri cikin sauƙi. Amma a ƙasar nan ɓata sunan mutum ta waya laifi ne mai zaman kansa. Dokar laifukan na'ura ta 2007 ta sa ɗauri har shekara 1 ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun. Kana bin mutum riyal ɗari takwas, ka wayi gari shi ne mai ƙara kai ne ake tuhuma. Ban da wannan ma, mutumin nan yana da uwa, yana da ƙanne mata da ake nema da aure, al'ummarmu kuma ƙarama ce, magana ba ta kwana. Idan daga baya ta bayyana shi ma bai san da aibin ba, da wane baki za ka janye abin da mutum dubu suka riga suka gani?

Mai sayarwa, yawancin wannan wahala a hannunka take tun kafin ta faru. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ɗaukar hoton mota ta gefen da ba a buga ba, da rubuta "ba ta da komai" alhali ka san giyarta na fizga idan ta yi zafi, ɓoye jiƙaƙƙen ne a ƙasa. Rubuta aibin a cikin tallar. Za a rage maka wani abu, amma ba mai dawo maka da kaya yana huci. Haka nan sa aboki ya shiga yana ƙara tayi don farashi ya hau, ko ka ce "an taya dubu goma" alhali ba wanda ya taya, wannan shi ne najashi da hadisi ya hana ƙarara. La'adar kashi 1 cikin 100 da Haraj ke bari a wuyan mai sayarwa, wadda ka yi alkawarin biya lokacin da kake saka talla, ita ma bashi ce, ko da ba wanda zai biyo ka. Idan kuma ɗan uwanka ya saya ya dawo yana nadama, kayan suna nan yadda suke, kana da hali, ka karɓa ka mayar masa da kuɗinsa. Ba dole ba ne a kanka, amma an yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya yi wa Musulmi haka.

Akwai 'yan uwanmu da takardunsu ba su cika ba, da iyayenmu mata da ba su iya karatun Larabci ba. 'Yan damfara sun fi son su, domin sun san tsoro zai hana su kai ƙara. Irin waɗannan kada su tura kuɗi gaba ko kaɗan, su saya hannu da hannu, a wuri mai jama'a, a gwada kaya a gabansu. Ku kuma samari da kuka yi makaranta a nan, idan Hajiya ta ce ta ga injin wanki a waya tana so, kada ku ce mata "tura masa kawai". Ku karɓi wayar ku karanta tallar, ku kira mai kayan da kanku, ku raka ta a jona injin a ga yana juyawa kafin ta kwance bakin zaninta.