Mai farin jini ya mari yaron aiki: a sallame shi ko a ba yaro haƙuri?

Na san wasu abokaina ma'aikatan rediyo a nan Gusau ba za su ji daɗin wannan magana ba, amma zan faɗa. Duk mai gabatar da shirin da bincike ya tabbatar ya ɗaga hannu ya mari ma'aikaci, ko ya takura wa yarinyar da ta zo koyon aiki da maganar banza, a sallame shi. Ko da kuwa shi ne wanda in ya buɗe baki ake yin tsit daga Talata Mafara har Tsafe.

A watan Maris na 2015 BBC ta shiga irin wannan tsaka mai wuya. Jeremy Clarkson, mai gabatar da shirin motoci na Top Gear, ya dawo masauki da dare bayan sun gama ɗaukar shiri, ya tarar babu abinci mai zafi. Sai ya huce a kan wani furodusa, ya zazzage shi tas, ya kai masa naushi har leɓe ya fashe, bawan Allah ya nufi asibiti. Kan tuwon dare fa! Shirin nan kuwa shi ne saniyar tatsar BBC, ana kallonsa a ƙasashe da dama, yana kawo mata miliyoyin fam duk shekara. Da aka dakatar da shi, mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a dawo da shi, wasu har suka koma zagin wanda aka daka a intanet, wai shi ya jawo. Duk da haka, ranar 25 ga Maris shugaban BBC na lokacin, Tony Hall, ya ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba, domin ba a yi wa babba doka daban, ƙarami daban.

BBC ta yi asara, babu mai musun wannan. Wanda ya gaje shi zango ɗaya ya yi ya ajiye, Clarkson kuwa kamfanin Amazon ya ɗauke shi da kuɗi masu kauri. To wannan ɗin nake so masu cewa "kada a raba bawan Allah da abincinsa" su duba. Mai suna ba ya kwana da yunwa. Ka kore shi yau, jibi ka ji muryarsa a tashar da ke tsallaken titi. Wanda ake rabawa da abincinsa shi ne yaron da ke bayan gilashi yana murɗa sauti, wanda ba shi da takardar ɗauka aiki, alawus ɗinsa ma sai an ga dama. In ya yi ƙorafi a ce ba shi da ladabi, in ya yi shiru ya ci gaba da gaida wanda ya mare shi kullum safe.

A wajenmu lamarin ya ma fi sarƙaƙiya. A tashoshi da yawa mai shirin ne ke zuwa da tallarsa: mai maganin gargajiya, mai takin zamani, ɗan siyasar da ke ɗaukar nauyin fili. Manaja na ganin in ya taɓa shi, kuɗin man janareta ya tafi. Saboda haka sai a kira zaman sulhu. Kuma mun san yadda zaman yake ƙarewa. A ce wa yaro, "Haba ɗana, ai yayanka ne, ka san halinsa, zuciya ce." A danƙa masa 'yan kuɗin mota. In mace ce ma ba a kai ga zaman, ita da kanta za ta daina zuwa, don ta san in maganar ta fita sunanta za a fara ɓatawa a unguwa kafin nasa, ƙila ma gida su ce dama aikin jarida bai dace da ita ba. Ina girmama sulhu, amma sulhun da kullum ƙarami ne ke haɗiye miyau, ban san sunansa ba.

Ita BBC ɗin ba don tsarki ta yi abin da ta yi ba, ta taɓa ƙonewa ne. Jimmy Savile, wani mai gabatar da shirye-shirye, ya yi shekaru yana lalata da yara da 'yan mata yana tauraronta, asiri bai tonu sosai ba sai bayan mutuwarsa a 2011. Rahoton binciken da aka fitar a 2016 ya nuna ƙananan ma'aikata na tsoron kai ƙarar manyan masu shiri, don an ɗauke su shafaffu da mai.

Mu kuwa ba sai mun je Ingila neman hujja ba. Jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999 ta san hadisin matar nan 'yar Banu Makhzum da ta yi sata, manya suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma. Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Sau nawa aka karanta wannan hadisi a rediyo? Tashar da ke buɗe layi kullum jama'a su caccaki shugaban ƙaramar hukuma kan zalunci, sannan ta rufa wa mai marin ma'aikatanta asiri, ai mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi.

Sharaɗina ɗaya: a yi bincike na gaskiya. Mai suna na da maƙiya, a Zamfara kuma siyasa na shiga ko'ina. Mun ga yadda a Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. A irin wannan yanayi ba wuya a ƙulla wa mai faɗin gaskiya sharri da sunan ladabtarwa. Don haka a saurari kowane ɓangare, a kira shaidu, wakilin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ko ta ma'aikatan rediyo da talabijin, RATTAWU, ya zauna, a rubuta komai. Tsawa ɗaya ranar da layi ya katse ana tsakiyar shiri, gargaɗi ya isa. Duka da neman lalata kuwa ba na gargaɗi ba ne.

Ranka ya daɗe manaja, kai nake tambaya: yarinyar da ta zo maka daga kwaleji koyon aiki na wata shida, in wani ya dame ta, ofishin wa za ta shiga? In amsar ita ce ofishin aminin wanda ya dame ta, a fara gyara wannan tun kafin mari na gaba.