Saurin da Strava ke nunawa ba shi ne ma'aunin ƙarfi ba

Masu atisayen keke da dama sun ɗauka cewa matsakaicin saurin da manhajar Strava ke nunawa shi ne shaidar ƙaruwar ƙarfinsu, kuma wannan kuskure yana sa su galabaitar da kansu a banza. Iska da hawa da gangara, har ma da bin bayan mahayin da ke tare wa mutum iska, duk suna sauya sauri alhali jikin yana nan yadda yake. Abin dogaro shi ne na'urar da ke auna ƙarfin taka feda. Da wannan na'urar ce TrainingPeaks, wata manhajar tsara atisaye, ke lissafa nauyin atisaye, inda awa ɗaya a iyakar ƙarfin da mahayi zai iya jurewa take daidai da maki 100, kuma tarin makin mako na taimakawa wajen gane lokacin da hutu ya wajaba.