Ranar da na zama boka a hanyar Tiga

Duk wanda ya sake kirana Malam Na-Zomo, wallahi mun ɓata. Tunda wani ya riga ya ba ku labarin abin da ya jawo min wannan suna da gishirinsa, ga yadda aka yi.

Kun san tun ina karatu a Dundee ta ƙasar Scotland na koyo haɗa ƙwaron bogi a wajen tsofaffin bakin kogin Tay: ka ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiyar fatsa har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke so. To, yaran nan namu na Tiga, inda madatsar ruwan nan ta jihar Kano take, suka matsa in je ranar Asabar in nuna musu. Na ce to.

Wahalar sana'ar nan duk a ajiya take. Asu in ya samu gashi, ya samu tuwo. Shi ya sa kowane abu da ledarsa mai zif, da kafur a ciki, sabon gashi kuma sai ya yi mako a firiza kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Akwatina na roba mai ɗaki-ɗaki kuwa, maman yara ta daɗe da mayar da shi gidan 'yan kunne. Sai na tattara komai a jakar bakko, na shiga motar haya.

Mun wuce Kwanar Dangora ko ba mu kai ba, aka tsare mu a shinge. Ni kaɗai aka ce in buɗe jaka.

Yallabai mai tsaron shingen ya zuge zif, warin kafur ya buge shi, ya ja da baya. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta ce, "Innalillahi, kamar kayan wankan gawa." Ya sa hannu ya zaro fatar wuyan zakara, baƙi wuluk, da gashinta. Ya ajiye a kan but. Ya zaro wutsiyar kurege. Ya ajiye. Gashin ɗawisu, gashin zabo, guntuwar fatar barewa, jan zare, baƙin zare, siririyar wayar tagulla, duk ya jera su ɗai-ɗai kamar mai kasa kaya a kasuwar Kurmi. Fasinjoji sun fito sun yi da'ira, har mai sayar da rake ya bar baronsa.

Sai ya zaro fuskar zomo. Da kunnuwanta biyu a tsaye, da ramukan idanu.

Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Malam, aikin wa za a yi?"

Na ce, "Yallabai, na kifi ne."

Ya ce, "Kifin wane gari?"

Na shiga bayani, murya na rawa, cewa gashin kunnen zomo ake tsigewa a naɗe ya zama jikin ƙwaro, na barewa kuma cikinsa rami ne, shi ya sa yake yawo a saman ruwa. Na nuna masa ƙugiya lamba 18, na ce a wannan harka lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa. Ya ɗora ta a tafin hannu, bai ma gan ta ba sai da ya kanne ido ɗaya. Sannan ya buɗe ɗan littafina da nake zana kowane ƙwaro da lambobinsa a gefe. Daga bayana wani ya ce, "Ga hatimin nan ma."

Wannan wanin shi ne na gidan gaba, mai jar dara da carbi. Bawan Allahn nan tun daga tasha nake masa alheri. Ni na bar masa gidan gaba saboda ya ce gwiwarsa. Ni na cika masa naira 200 da ya ce ba shi da canji. Gyaɗata ya ci, fiye da rabi. Amma shi ne ya riƙa bin mutane yana cewa shi tun da ya ga idona ya san ba lafiya ba, wai har ayatul kursiyyu ya karanta kafin mu tashi. Mutumin da tun kafin mu fita gari yake munshari! In kun san mai jar dara da ke sauka a Tiga, ku ce masa ina bin sa 200.

Da na ga magana ba ta ci, na ce a bari in haɗa ɗaya a gani. Na ɗaure ɗan ƙarfen da ke cije ƙugiya a bakin bencinsu, na buɗe ledar gashin talotalo, irin mai laushin nan kamar auduga. Iskar hunturu ta zo ta kwashe. Gashi ja da ɗorawa ya tashi sama, ɗaya ya sauka a gashin bakin Yallabai ya zauna. Ina ƙoƙarin cafko sauran, ƙugiya ta shige min babban yatsa. Jini ya ɗiga, kuma bai ɗiga ko'ina ba sai a goshin zomo.

Wurin ya yi tsit. Hajiya ta ce a hankali, "Ya ba shi jini."

Yallabai bai ƙara tambaya ba. Da bakin sanda ya tura min kayana, ya ce mu tafi, har da "a sa mu a addu'a, Malam." A mota kuwa aka bar min kujerar mutum biyu. Muna dab da sauka Hajiya ta matso ta raɗa min cewa tana da wata 'yar matsala da abokiyar zamanta.

Na isa bayan Azahar, saura yara uku. Na haɗa musu ɗaya da yatsa a naɗe da tsumma. Babbansu ya jujjuya shi ya ce ya yi kyau, amma su da tana suke kamawa. Wutsiyar kuregen ma har yau ban gan ta ba.