Alƙali ya tace kariya, amma kada ya toshe bakin wanda ake tuhuma

A Ingila, idan laifi babba ne, ba alƙali ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Wannan aikin juri ne, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a. Alƙali yana bayyana musu doka, kuma shi ke tantance kariyar da za ta isa kunnensu.

Ni ban ga aibi a wannan tacewar ba. Dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 2009 ta ce wanda ya yi kisa, ya kuma ce an tunzura shi ne har ya kasa riƙe kansa, ba za a miƙa wa juri wannan uzuri ba sai da shaidar da mai hankali zai iya kamawa. Kanada ma haka take. A shari'ar Cinous ta 2002, wani mutum mai suna Cinous ya harbi abokin ta'asarsa a ƙeya a wani gidan mai, ya ce kare kansa ya yi domin wanda ya harba ɗin da wani abokinsu sun shirya kashe shi. Kotun Ƙoli ta ce tun farko bai kamata a kai wa juri wannan kariya ba, tunda yana da hanyar tserewa. In an bar kowa ya zuba duk abin da ya zo masa, mai kaifin baki ne zai riƙa kuɓuta.

Inda nake ja shi ne abin da ya faru da masu zanga-zangar sauyin yanayi. A Fabrairun 2023 wani alƙali a Landan ya ɗaure ɗaya daga cikin masu tare hanya makonni takwas, saboda ya ambaci sauyin yanayi a gaban juri bayan an hana shi. Hujjar kotu ita ce dalilin tare hanyar ba kariya ba ne a doka, don haka babu amfanin jin sa.

To, a ce ba kariya ba ne. Me zai hana mutum ya faɗi dalilinsa, sannan alƙali ya gaya wa juri ƙarara cewa doka ba ta karɓi wannan uzuri ba? Mutanen nan 12 ba yara ba ne. An amince su raba gaskiya da ƙarya a shari'ar kisa, amma ana tsoron jimla biyu za su ruɗe su.

Abin da ake gudu a fili yake: kada juri su ji tausayi su sallami mutum, kamar yadda suka sallami mutum huɗu a 2022 kan tumɓuke gunkin Edward Colston, mai fataucin bayi, a Bristol. Sai dai wannan iko nasu ne tun 1670, lokacin da aka kulle juri kwana biyu ba ci ba sha don sun ƙi kama wani mai wa'azi, William Penn, da laifi, daga baya kotu ta ce ba a hukunta su kan abin da suka yanke. A 2005 ma kotu mafi girma a ƙasar ta jaddada cewa alƙali ba shi da ikon umartar juri su ce mutum ya yi laifi. Abin da doka ta hana shi yi da umarni, bai dace ya cim masa ta hanyar hana su jin labari ba.