Kafin mu ce a yi mana jirgin cikin gari irin na Abuja

Duk sanda aka taso da zancen jirgin ƙasa na cikin gari a jihar Kaduna, sai ka ji ana cewa "a yi mana irin na Abuja". Jama'a, na Abujan ma fa abin dubawa ne.

A 2007 aka ba kamfanin CCECC na China kwangilar, amma sai Yulin 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi. Dogon ya kai kimanin kilomita 45, tashoshi 12, layi biyu: ɗaya daga tsakiyar birni zuwa filin jirgin sama, ɗaya daga Idu zuwa Gbazango ta wajen Kubwa. Cikin kuɗin aikin har da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na China. Bai cika shekara biyu ba korona ta tsayar da shi a 2020, ɓarayi suka yi ta kwashe wayoyi, sai Mayun 2024 ya dawo aiki.

Amma a ganina ba korona ce ta fara karya shi ba. Tun farko tashoshin ba su bi mutane ba. Wasu an kafa su can gefe, ba hanyar mota mai kyau zuwa ƙofarsu, alhali Nyanya da Mararaba, inda ma'aikata ke kwana a cunkoso, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa musu ba. Wanda sai ya biya ɗan acaɓa zuwa tasha, ya zauna jira, ya sauka ya sake neman mota, ai gara ya shiga tasi tun daga gida. Dubi Legas: kilomita 13 kacal suka buɗe a 2023, Marina zuwa Mile 2, tashoshi biyar, amma a inda jama'a suke.

Mu Zariya muna da abin da Abuja ba ta da shi. Tsohon dogon Gusau ya riga ya tashi daga Sabon Gari ya ratsa Samaru, ta Hayin Dogo, inda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suke. Matsalarsa ita ce layi ɗaya ne, mai faɗin milimita 1,067. Jirage biyu ba sa wuce juna sai an yi musu wurin kaucewa, in ba haka ba jiran zai yi tsawon da fasinja zai koma wa Keke Napep. Sannan duk mahaɗar da dogo ya haye titi tana buƙatar shinge da mai gadi, dare da rana, kuma albashinsu da kuɗin kayan gyara su shiga kasafin kuɗi tun kafin a sayo tarago ko ɗaya.